Yadda ake yi wa wardi aski ya cika da fure

Wardin farko da na shuka, wanda wasu ke ce wa fulawar ros, sai da ya shekara biyu cur ban taɓa sa masa almakashi ba, wai ni tausayinsa nake ji. Ya yi ta tsawo har ya wuce kaina, ƙasansa duk ƙaya ce zalla babu ganye ko ɗaya, can ƙololuwa kuma fure uku ko huɗu 'yan mitsi-mitsi da sai ka ɗaga wuya kafin ka gan su. Ni a zatona taki ne bai ishe shi ba, na yi ta tura masa taki, yana ƙara miƙewa kamar gora, fure kuwa shiru. Ashe aski yake nema.

Dalilin shi ne, yawancin wardin da ake shukawa a gida a kan sabon toho yake yin fure, tsohon reshe da ya yi kauri ya yi launin toka aikinsa kawai ɗaukar nauyi. Kuma akwai wani abu da ke faruwa a cikin reshen: kansa na can sama yana fitar da wani sinadari da ake kira oksin, wanda ke gangarowa ya hana idanun da ke ƙasa farkawa. Idanun nan su ne 'yan ƙullutun da za ka gani a jikin reshe daidai inda ganye ya fito, kamar dai idon rake. Muddin kan reshen yana nan to suna barci. Kana datse kan, ido na farko da na biyu da ke ƙarƙashin yankan sai su farka su yi toho, kowane toho kuma ya ƙare da fure. Shi ke nan sirrin, duk sauran bayanin da zan yi a kan inda za ka yanka ne da lokacin da za ka yanka.

Kafin komai, ka san wane irin wardi ne da kai

Dan Allah kar ka tsallake wannan, don a nan ne kawai za ka iya yin kuskuren da zai ja maka asarar furen shekara guda.

Akwai mai fure ɗaya babba a kan dogon reshe, irin wanda ake ɗaurawa a ba mutum kyauta, masu sayar da dashe suna ce masa haibirid ti. Wanda aka fi ɗauka a matsayin na farkonsu shi ne La France da aka fitar a Faransa a 1867, sai kuma Peace da ya yi suna tun 1945. Akwai mai yin fure curi-curi, biyar ko goma a kan reshe ɗaya, shi ne fuloribanda, kamar farin nan Iceberg da aka samar a Jamus a 1958. Akwai mai yin duhu kamar ƙaramin kurmi, akwai ɗan ƙarami na tukunya, sannan akwai mai hawa bango ko shinge. Duk waɗannan mafi yawansu suna maimaita fure sau da dama a shekara, kuma a kan sabon toho.

Amma akwai wasu tsofaffin iri da wasu masu yaɗo da sau ɗaya tak suke fure a shekara, kuma a kan rassan bara suke yinsa. Irin waɗannan in ka aske su kafin su yi fure to furen ka yanke ka zubar, sai baɗi. Su ana jira ne su gama furensu tukunna a aske su nan take. In ba ka san naka ba, ka ƙyale shi shekara ɗaya kana kallo, ka cire matattun rassa kawai, in ya yi fure ya huta ya sake yi to mai maimaitawa ne.

Lokaci

A ƙasashen da ake sanyi mai ƙanƙara wardi yana yin barci, ya zubar da ganye, to babban aski ana yinsa ne a ƙarshen sanyi daidai lokacin da idanu suka fara kumbura suna yin ja. A Turai wannan yana faɗowa wajen Fabrairu zuwa Maris, a Afirka ta Kudu da Ostareliya kuma Yuli zuwa farkon Agusta tunda nasu lokacin a juye yake. A wuraren zafi kuwa wardi ba ya barci sam, yana girma duk shekara, don haka kai ne za ka zaɓa masa lokacin hutu, kuma mafi kyau shi ne lokacin da zafi ya fara sauka iska ta fara sanyi, misali a arewacin Indiya a watan Oktoba suke yi bayan ruwa ya ɗauke. Abubuwa biyu za ka guje wa: tsakiyar tsananin zafi, don in ka tuɓe masa ganye rana za ta ƙona jikin rassan su yi baƙi, da kuma ranar da ake ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, don sabon yanka mai jiƙa ƙofa ce ga cuta. Ka zaɓi safiya busasshiya.

Sabon dashe da bai kai shekara ba ka bar shi ya kafa saiwa, kar ka yi masa babban aski.

Kayan aiki

Almakashin lambu, amma ka duba da kyau don iri biyu ne. Akwai wanda bakinsa biyu ke wuce juna kamar almakashin tela, wannan shi ake so. Akwai kuma wanda baki ɗaya ne mai kaifi yana sauka a kan faffaɗan ƙarfe kamar wuƙa a kan katako, shi wannan murƙushe ɗanyen reshe yake yi, ka bar shi don busasshen itace. Reshen da ya fi babban yatsa kauri kar ka takura wa ƙaramin almakashi, ka nemo babba mai dogayen hannuwa ko ƙaramin zarto. Ka wasa su sosai, dakusasshen almakashi yana yaga ɓawo, wurin da ya yage kuma daga nan reshe ke fara mutuwa yana gangarowa.

Sai sipirit da ɗan tsumma na goge bakin almakashi, duk lokacin da ka tashi daga wannan gindi zuwa wancan ka goge, haka ma in ka yanke reshe mai cuta. In babu sipirit, bilic kashi 1 a ruwa kashi 9 zai yi, amma ka wanke ka shafa mai bayan ka gama don yana sa tsatsa.

Safar hannu mai kauri, in da hali ta fata mai kaiwa gwiwar hannu, da riga mai dogon hannu. Wannan ba gayu ba ne, ƙayar wardi tana iya shigar da wata ƙwayar fumfuna cikin fata ta zama ƙurji mai ƙin warkewa yana bin hannu yana hawa, har ma ciwon masu lambun wardi ake masa laƙabi, ga kuma tetanus in ba ka da rigakafi. In ƙaya ta soke ka ka wanke da sabulu nan take, in wurin ya kumbura ya ƙi lafawa ka je asibiti ka faɗa musu ƙayar wardi ce.

Mataki na 1: tsuguna ka duba gindin

Kar ka fara daga sama. Kowa daga sama yake so ya fara don nan ne ido ke gani, sai ka ɓata rabin awa kana gyara kan reshen da a ƙarshe gaba ɗayansa za ka cire. Tsuguna, share busassun ganye da ciyawar da ke gindin, ka nemo wani ƙullutu kamar gwiwa da ke daidai ƙasa ko ɗan sama da ita, inda duk manyan rassa suka fito. Wannan ita ce gaɓar aure. Yawancin wardin da ake sayarwa aure aka yi masa, wato an ɗauko idon mai kyan fure an manna shi a kan gindin wani wardin daji mai ƙarfin saiwa. Duk abin da ya fito daga gwiwar nan ko samanta naka ne. Duk abin da ya fito daga ƙarƙashinta, ko ya ɓullo daga cikin ƙasa can gefe, na ɗan dajin ne, ni ɓarawo nake ce masa.

Na taɓa rainon ɓarawo kusan shekara guda, wallahi har alfahari nake da shi don ya fi duk sauran rassa tsawo da ƙarfi, ina ɗaure shi ina lallaɓa shi, wardin nawa mai ruwan ɗorawa yana ta ramewa ban gane ba, sai da abin ya yi wani ɗan fure ja mai duhu wanda ban taɓa shukawa ba sannan na farga. Mutane suna cewa wai ana gane ɓarawo da ganye mai falle bakwai, eh sau da yawa haka ne kuma ganyen yakan fi haske da ƙanƙanta, amma akwai wardin kirki ma masu falle bakwai, don haka inda ya fito shi ne shaida. Ka tona ƙasa a hankali ka bi shi har inda ya manne da saiwa, ka riƙe da safar hannu ka fizge shi ƙasa ya ɓalle tun daga tushe. In ka yanke shi a saman ƙasa aski ka yi masa, zai dawo da 'yan uwansa biyu ko uku.

Akasin haka kuma, in ka ga wani toho mai kauri, ja-ja, mai laushi, ya fito daga kan gwiwar kanta, wannan zinari ne, shi ne babban reshen shekaru masu zuwa. Kar ka taɓa shi, kar ma ka bari tiyo ya buge shi don da wuri yake karyewa.

Mataki na 2: matattu da marasa lafiya

Duk reshen da ya bushe, ya yi baƙi ko ruwan ƙasa ya yamutse, cire shi daga tushe. Wanda rabinsa ya mutu rabi na da rai, ka yanka a ƙasan inda mutuwar ta tsaya sannan ka kalli bakin yankan. Tsakiyar reshen wardi akwai totuwa, in fara ce tas ko fara mai ɗan kore kamar cikin tuffa to ka iso lafiyayyen wuri. In ruwan ƙasa ce ka ƙara sauka ido ɗaya ka sake yanka, ka yi ta sauka har sai ka ga fari, ko da hakan zai kai ka gindi. In ka ga rami a tsakiyar totuwar kamar an huda da allura, tsutsa ce ta shiga, ka sauka har ƙasan inda ramin ya ƙare.

Reshen da ke da wani tabo baƙi ko shunayya da ya zagaye shi kamar zobe, shi ma a ƙasan tabon za ka yanka, ka goge almakashi.

Mataki na 3: buɗe tsakiya

Yanzu ka ja da baya ka kalle shi. Siffar da ake nema ita ce kamar ka buɗe tafin hannunka sama yatsu a ware, tsakiya fayau, rassa suna kallon waje. Amfanin wannan iska ce da rana, ganyen da ya jiƙe in ya bushe da wuri ciwon baƙin tabo da farar fumfunar nan mai kama da an barbaɗa gari ba sa samun wurin zama, kuma furen zai fito a waje inda za a gan shi maimakon ya ɓuya cikin duhu.

To cire duk reshen da ya nufi tsakiya. Inda biyu suka gitta suna gogar juna ka zaɓi ɗaya, wanda ya fi ƙuruciya da kyan alkibla, ɗayan ya tafi, don wurin gogar nan ciwo yake zama. Duk wanda bai kai kaurin fensir ba shi ma ya tafi, siririn reshe siririn fure yake bayarwa, kuma wuyansa ba ya iya ɗaukar furen sai ka ga ya sunkuya. Wannan ma'aunin fensir na manyan iri ne fa, ɗan ƙaramin wardi na tukunya duk rassansa sirara ne, kar ka je ka ƙarar da shi.

In gindin ya tsufa, rassa sun yi kauri sun yi ɓawo kamar na bishiya, ka cire ɗaya ko biyu mafi tsufa da zarto daidai kan gwiwa, kar ka bar kututture. Ba duka a shekara ɗaya ba, ɗaya bana ɗaya baɗi, wannan ne ke sa gwiwar ta fito da sababbin jajayen tohon nan. A ƙarshe mai fure ɗaya babba ya rage da rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi, mai curi kuma 5 zuwa 7 ba laifi.

Mataki na 4: yankan kansa

Nan ne aka fi tsorata mutane da dokoki, alhali abu uku ne. Ka nemo ido mai kallon waje, don duk inda ido ya kalla can tohon zai nufa. Ka yanka sama da shi da kamar milimita 5 zuwa 6, wato kwatan inci, kusan kaurin fensir ɗin nan dai. Sannan ka ɗan karkata yankan yadda gangaren zai bi bayan idon, ruwa ya zurare ta can maimakon ya kwanta a kan idon. In ka yanka nesa da ido, guntun da ka bari zai bushe ya mutu kuma wani lokaci mutuwar ta zarce ƙasa ta cinye idon. In ka matse shi sosai kuma idon ne zai bushe. Wani lokaci a tsohon reshe ba za ka ga ido ƙuru-ƙuru ba, ka nemi wani ɗan layi kamar jinjirin wata inda ganye ya taɓa zama, idon yana nan samansa yana barci.

Ka riƙe almakashin yadda siririn baki mai kaifi yake ɓangaren da zai rage a jikin shukar, mai kaurin yana ɓangaren da za a zubar, don shi mai kaurin yana ɗan danne ɓawo.

Sai batun tsawo, a nan ra'ayi ya bambanta kuma kai ne za ka zaɓa. Aski mai zurfi yana ba da fure kaɗan amma manya masu dogon reshe, aski sama-sama yana ba da fure da yawa amma matsakaita kuma da wuri. A ƙasashen sanyi mai fure ɗaya babba ana sauke shi har santimita 15 zuwa 30 daga ƙasa, ido huɗu zuwa shida a kowane reshe, mai curi kuma a bar shi ya ɗan fi haka tsawo. A wurin zafi ni ban yarda da wannan zurfin ba, shukar ba ta yi barci ba balle ta tara abinci a saiwa, ganyenta ne abincinta, in ka sauke ta daidai gwiwar ƙafarka, santimita 45 zuwa 60, ko ka cire kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin tsawonta, ya isa. Mai yin kurmi kashi ɗaya cikin uku kawai. Wani abu da ke ba mutane mamaki shi ne, reshe mai rauni shi ake yi wa aski mai zurfi don ya zabura, mai ƙarfi a rage masa kaɗan, in ka yi akasin haka gefe ɗaya zai rinjayi ɗaya.

Kuma kar hannunka ya yi ta rawa. A Ingila a shekarun 1990 ƙungiyar masu wardi ta ƙasar ta yi gwaji a lambun da take da shi a lokacin kusa da St Albans, wasu gindin aka yi musu aski na tsanaki ido-ido, wasu kuma aka bi ta kansu da injin aske shinge kawai, waɗanda aka yi wa na injin ba su gaza sauran yawan fure ba. Ni dai ba na yin na inji don matattun rassa da cunkoso suna taruwa a ciki, amma ya nuna maka kuskuren rabin inci ba ya kashe wardi. A Hildesheim ta Jamus ma akwai wani tsohon wardin daji a jikin bangon babban cocin garin, bam ya ƙone shi a 1945, ya sake tohowa daga saiwa, yana nan har yau.

Manyan yanka da suka fi yatsa kauri, in tsutsar nan mai huda tana damunka, ka ɗiga farin gam na kafinta a kai. In ba ta damunka ka bar shi haka zai warke da kansa.

Mai hawa bango nasa daban ne

Shi kar ka sauke shi ƙasa. Shekara biyu zuwa uku na farko ma ba a yi masa komai sai ɗauri da cire matattu. Dabarar sa a kwantarwa take. Ka tuna sinadarin nan da ke gangarowa daga kan reshe? In reshe yana tsaye cak, fure a can sama kawai zai yi. In ka lanƙwasa shi ka kwantar da shi a gicciye a jikin waya ko shinge, duk idanun da ke tsawonsa sai su farka, kowanne ya miƙo ɗan reshe mai fure, sai ka ga bango ya rufe tun daga ƙasa. Don haka ka zaɓi manyan rassa huɗu zuwa shida ka baza su kamar mafici, ka ɗaure da igiya mai laushi sako-sako, kar ka sa waya don tana cin jiki in reshen ya yi kauri. Tun suna ɗanye ake lanƙwasa su, in sun ƙosa karyewa suke. In ginshiƙi ne ka naɗa su a jikinsa suna zagayawa. Askin shekara-shekara kuma a kan 'yan rassan gefe ne da suka riga suka yi fure, ka rage kowanne ya koma ido 2 ko 3.

Mataki na 5: shara, ruwa, taki

Kwashe komai. Ganyen da ya zuba mai baƙin tabo a nan ƙwayar cutar ke kwana ta jira sabon ganye, ruwa na fallatsa ta sama. Kar ka zuba shi cikin ramin takinka, ka ƙona ko ka zubar nesa. Ganyen da ya rage a jikin rassa in yana da tabo ka tsinke.

Ka ba shi ruwa sosai a gindi, ban da kan ganye. Takin zamani ka jira sati biyu zuwa uku sai toho ya fara fitowa, sannan ka barbaɗa a kewaye nesa da gwiwa kaɗan ka bi da ruwa. Ka shimfiɗa ruɓaɓɓen taki ko busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 7 a kewayen gindin amma kar ta taɓa jikin rassan. Sabon toho yana jawo 'yan ƙananan kwarin nan masu taruwa a kansa suna tsotsa, da ka gan su ka murje da yatsa ko ka fesa musu ruwa da ƙarfi da safe. Bayan sati biyu ka sake zagayawa da almakashi, za ka ga wani yankan ya yi baƙi ko idon da ka zaɓa ya ƙi tashi na ƙasansa ya tashi, ka gyara. In ido ɗaya ya fito da toho biyu ko uku, ka murje ƙananan da babban yatsa ka bar mai ƙarfin, haka ma wanda ya nufi tsakiya, tun yana ɗan tsito ba sai an kai ga almakashi ba.

Kuma gaskiya in wurin ba ya samun rana aƙalla awa 6 a yini, duk iya askinka fure ba zai yi yawa ba.

Ƙaramin aski na kullum, shi ne ke riƙe fure

Fure in ya gama ya fara zubar da fallayensa, shukar za ta juya ga yin 'ya'ya, wasu 'yan ƙwallaye masu iri a ciki, in ta samu haka ta gama aikinta sai ta rage yin sabon fure. To kai kuma hana ta za ka yi. Ka bi reshen daga furen zuwa ƙasa, ganyen farko za ka ga falle uku ne, ka wuce su har ka iso ganye mai falle biyar wanda ke kallon waje, inda reshen ya yi ɗan kauri, ka yanka samansa kamar yadda na faɗa. Idon da ke wurin ya fi ƙarfin fito da reshe mai fure. In shukar ƙarama ce ko ta sha wuya, ka tsinke kan furen kawai ka bar mata ganyenta. Mai curi kuma ka dinga cire waɗanda suka tsufa ɗaya-ɗaya, in curin ya ƙare gaba ɗaya ka yanke shi duka.

Wani lokaci reshe zai fito lafiya lau amma kansa ya ƙare da ganye babu ƙullin fure, makaho kenan, ka rage rabinsa zuwa ido mai kyau ya sake gwadawa.

Daga yanka zuwa sabon fure yawanci sati 6 zuwa 8 ne, da zafi ya fi sauri, da sanyi ya fi jinkiri, kuma masu fallaye da yawa sun fi ɗaukar lokaci. Wannan lissafin yana da amfani in akwai ranar da kake so lambun ya cika, ka ƙirga baya ka yi wa duka ƙaramin aski, amma ka raba su kashi biyu ko uku da tazarar kwana huɗu-biyar don ko yanayi ya saɓa wani kashin zai dace. Ka rubuta ranar da ka yanka da ranar da ya buɗe, zagaye biyu kawai za ka san lissafin naka gindin.

In kana son fure na nunawa

Mai fure ɗaya babba sau da yawa yana fito da ƙulli babba a tsakiya da ƙanana biyu ko uku a gefe. Tun ƙananan ba su kai ƙwayar wake ba ka karye su da yatsa, duk ƙarfin ya tafi ga na tsakiya, bambancin girman sai ka gani da idonka. In ka makara suka girma, wurin zai bar baƙin tabo a wuyan furen. Mai curi kuma akasin haka ake yi, na tsakiyar shi ke riga kowa buɗewa ya tsufa ya bar rami a cikin curin, don haka shi ake cirewa da wuri sai sauran su buɗe kusan tare. Ganye ko ɗan reshen da ya tare gaban fure ka ɗauke shi, dogon reshe mai nauyin kai kuma ka kafa masa siririn sanda ta baya inda ba a gani.

Na sakawa a gilashi cikin ɗaki, da sassafe ake yanka kafin rana ta yi zafi, kuma ka tafi da bokitin ruwa a hannu kana yanka kana tsomawa. Ka zaɓi wanda 'yan korayen ganyen da suka rungume ƙullin sun riga sun juya ƙasa, fallen waje ɗaya ko biyu sun fara saki. In ya matse gam kamar dutse ba zai buɗe a ruwa ba, wuyansa ne zai lanƙwashe. Kar son dogon reshe ya sa ka kwashe duka, ka bar aƙalla ganye biyu masu falle biyar a jikin abin da ya rage, daga nan na gaba zai fito. A cikin gida ka sake datse santimita 2 daga ƙasan reshen yana cikin ruwa don kar iska ta shige ta toshe hanyar shan ruwan, ka tsige duk ganyen da zai nutse, ka wanke gilashin da sabulu tukunna, ka ajiye nesa da rana da kuma kwandon 'ya'yan itace don iskar da nunannun 'ya'yan itace ke fitarwa tana sa fallaye zubewa da wuri. Ruwan kuma ka canza shi duk bayan kwana biyu, kowane canji ka ƙara datse ƙasan kaɗan.